Muzurun Da Fitsari Ya Tsare

Jawabin da Malamin Watsa Labarai ya yi a taron Hakimai da Malamansu

 

Sa'ad da aka miƙo mini takardar abin da zan yi magana a kansa yau, sai da na karanta ta sau biyu, don ina tsammani ko an yi kuskure ne. Na sani a cikinku akwai waɗanda suka baro sulhun iyakar gona, waɗansu suka baro maganar burtali, suka yi sammako suka zo, ga shi kuwa wanda bai kai ɗan farinsu ba ya miƙe zai yi musu zancen kyanwa. Ina roƙon gafara. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Ni ɗan aike ne kurum, likitocin dabbobi su suka ba ni saƙo, ku kuwa ku ne talakawa su ke ji.

Ba sai na gaya muku aikin kyanwa ba. Duk mai rumbu, da mai sito a kasuwar hatsi, da matar da ta ajiye daddawa a ɗaki, sun san abin da ɓera ya ke yi in ya ga gida ba mai tsaro. Ɓarnarsa kuwa ba ta tsaya ga hatsi kaɗai ba. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a shekarar 1969 a garin Lasa cikin ƙasar Barno, wani irin ɓera ne ya ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a bisa abinci, har ma ajiye kyanwa yana cikin shawarwarin da ma'aikatan lafiya su ke ba masu gida. Ashe kuwa dabbar da ta ke wannan gadi ba albashi ta cancanci a san ciwonta. A cikin ciwace-ciwacenta akwai guda wanda ya fi sauran sauri, kuma shi ne mutane suka fi yi wa kuskuren fahimta. Shi zan fi daɗewa a kai.

Da yawa daga cikinku sun taɓa turke rago don Layya, ana ba shi dusa safe da yamma, ya yi ƙiba har ana zuwa kallo. Rannan sai a ga ya ƙi ci, yana miƙa, yana nishi, yana kaɗa wutsiya, yana yunƙurin fitsari ba abin da ke fita. Masu kiwo sun san wannan, sun kuma san in ba a yi wani abu ba, sai dai a yi maza a sa wuƙa. To, abin da ya ke samun ragon nan shi ne ya ke samun muzuru. Bambancin kurum shi ne, rago kuɗi ne, kowa idonsa na kansa, muzuru kuwa ya kan shiga bayan rumbu ya sha wahalarsa shi kaɗai.

Ga yadda abin ya ke. Ƙoda biyu su ke tace jini, su fid da dauɗarsa cikin fitsari, fitsarin ya taru a mafitsara, sa'an nan ya bi wata hanya ya fita. Hanyar nan ga mace gajeriya ce, tana da ɗan faɗi, don haka da wuya ƙwarai ta toshe. Ga namiji doguwa ce, tana tafiya tana tsukewa, har bakinta bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba. Wani lokaci cikin mafitsara ya kan yi kumburi, ya fid da yauƙi da ɗan jini. Cikin fitsarin kuma akwai wani gishiri mai daskarewa ya zama kamar rairayi. In yauƙin nan da rairayin suka cuɗu, sai su zama toshiya, su gangaro su maƙale a inda hanya ta fi ƙunci. Wani kuwa tsakuwa ce sosai ta ke tsayawa, wani kuma hanyar ce ta ke kumbura ta matse da kanta.

Da hanya ta toshe, mafitsara sai ta yi ta cika, ta yi tauri. In ta cika har ba wurin zuba wani, ƙoda sai su tsaya da aiki, dauɗar da ya kamata ta fita ta koma tana zagaya jiki. A cikin abin da ya ke taruwa akwai wani gishiri da likitoci ke kira fotasiyam. Kaɗan daga gare shi jiki na bukata, amma in ya yi yawa sai ya sa bugun zuciya ya yi ta raguwa har ya tsaya. Wannan shi ne abin da ya ke kashe muzurun, ba ya kuma ɗaukar mako. Bayan kwana guda jini ya fara ɓaci, cikin kwana 2 ko 3 an gama, wani ma ba ya kaiwa haka. Ina so Malamai su rubuta wannan lissafin, gama duk sauran maganata a kansa ta rataya.

Alamun farko ba su da wuyar gani ga wanda ya san su. Lafiyayyar kyanwa ta kan yi fitsari kamar sau 2 zuwa 4 a yini, ta tona ƙasa, ta yi, ta binne, ta tafi abinta. Wanda fitsari ya tsare kuwa sai ya tona nan ya tsuguna, ya daɗe, ya tashi, ya koma can ya sake tonawa. Ya kan yi wani irin kuka mai tsawo yana tsugune. Ya kan juya yana ta lasar gabansa. Wanda bai taɓa ɓata ɗaki ba sai a gan shi ya tsuguna a bisa tabarma, ko cikin daro, ko a kan siminti mai sanyi. In ka je inda ya tashi ka duba, sai ka tarar ƙasa a bushe, ko kuwa ɗigo biyu uku masu ja-ja. In ka kai hannu cikinsa sai ya yi ƙara, ko ya kai maka cizo, ko da kuwa da can kyanwar Lami ne. Wanda ya shafa a hankali tsakanin ƙafafun baya ya kan ji wani dunƙule mai tauri kamar lemo. Shafawa na ce, ranku ya daɗe, ban ce matsawa ba.

A nan ne kuskure ya ke shigowa. Tsugunon fitsari da na bahaya kusan iri ɗaya ne ga ido, don haka mai gida sai ya ce bahaya ne ya yi masa tauri. Ni da bakina na taɓa faɗin haka, kuma ba zan ɓoye muku abin da ya biyo baya ba.

Akwai wani maƙwabcinmu mai sayar da hatsi, yana da jan muzuru wanda ya ke kwana a sito. Wata ranar Alhamis da la'asar ya kira ni, don a ganinsa ɗan makaranta ba ya rasa sanin kome, ya nuna mini muzurun yana ta tsuguno a gindin bango. Na ce taurin ciki ne, a ba shi man gyaɗa. Aka ɗura masa. Ran Jumma'a bai ci kome ba, ya yi amai sau biyu, wata tsohuwa ta ce a jiƙa masa kanwa, aka jiƙa. Da dare ya bar kuka, ya kwanta shiru a ƙarƙashin buhuna, muka ce alhamdu lillahi, magani ya kama. Ran Asabar da safe aka ɗaga shi kamar tsumma, kunnuwansa da tafin ƙafarsa sun yi sanyi. Sai a sa'an nan muka nufi asibitin dabbobi. Likita ya taɓa cikinsa sau ɗaya ya dube mu, ya ce tun yaushe rabonsa da fitsari? Ba wanda ya iya amsawa. Kafin a gama shirya allura ya mutu a bisa tebur. Likita ya ce da ran Alhamis ɗin muka zo, da aikin ɗan lokaci ne.

Abin da na ke so ku riƙe cikin labarin nan shi ne shirun daren Jumma'a. Muzurun da ya ke ta kuka yana zagaye yana da sauran ƙarfi. In ya daina, ya koma amai, ya ƙi ruwa, ya kwanta yana lumshe ido, jikinsa ya yi sanyi, ba sauƙi ya samu ba, dafin ne ya kai ga zuciya. Saboda haka ƙa'idar da likitoci suka ba ni in kawo muku gajeriya ce: namijin kyanwa in ya tsuguna sau da yawa a jere ba fitsari, a ɗauka toshewa ce har sai likita ya ce ba ita ba ce, a kuma kai shi a ranar, ko da dare ne. In an je aka tarar taurin bahaya ne, an yi asarar kuɗin mota kaɗai. Mace in ta nuna irin alamun nan, galibi kumburin mafitsara ne, tana iya jiran wayewar gari, amma ita ma a kai ta.

Yanzu ga abin da ba a yi. Kada a matsa cikin da nufin a fid da fitsarin da ƙarfi, gama mafitsarar da ta cika ta yi laushin bango, tana iya fashewa a ciki. Kada a cusa tsinke, ko gashin kaza, ko wani abu, a gabansa. Kada a ɗura masa mai ko ruwa, don dabba mai amai ta kan shaƙe, abin ya bi hanyar huhu. Kanwa kuwa, wadda mu ke ba dabbobinmu ga kowace damuwa, a nan ba ta da wuri. Ba ta isa inda toshiyar ta ke, kuma irin rairayin da aka fi samu cikin toshiyar ya fi daskarewa a fitsarin da ya yi kanwa-kanwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wani kuma in ya ji kukan nan da tsakar dare, musamman in muzurun baƙi ne, sai ya ce ba lafiya ba, a kore shi daga gidan. Iyayenmu Hakimai sun fi ni sanin yadda a ke kwance irin wannan zargi. Ni dai abin da zan ce, kukan zafi ne.

In an isa asibiti, likita ya kan fara da zuciya tukuna. In ta yi rauni, sai ya sa ƙarin ruwa ta jijiya, ya ba da allurar da za ta kare ta daga gishirin nan. Sa'an nan ya yi wa muzurun allurar barci, ya zura wata siririyar roba ta hanyar fitsari, yana tura ruwa mai tsabta har toshiyar ta warware. Fitsarin da ya ke fitowa sau da yawa ja ne kamar zoɓo. A kan ɗinke robar a bar ta kwana 1 zuwa 3, ana ci gaba da ƙarin ruwa, don ƙoda in suka farfaɗo su kan zubo fitsari mai yawa ainun, in ba a mayar da ruwan ba jiki sai ya bushe. Inda ba robar da ta dace, likita ya kan iya zuƙe fitsarin da allura ta fatar ciki, don a sami sararin kai dabbar babban asibiti. Wannan aikin likita ne shi kaɗai. A manyan asibitocin da aka yi lissafi, cikin muzurai 10 da aka yi wa wannan aiki, fiye da 9 su kan koma gida da ƙafarsu. Ciwo ne mai kisa, amma yana cikin waɗanda suka fi jin magani in an zo da wuri. Kuɗin ma haka ya ke: wanda ya zo ranar farko ya fi wanda ya zo rana ta uku sauƙin biya nesa ba kusa ba.

Amma fa a gaya wa mai muzuru gaskiya, abin ya kan dawo, musamman cikin kwanakin farko bayan an cire roba. Sai ya tsare shi a ɗaki guda, ya ajiye masa faranti da busasshen yashi, kullum ya duba ko yashin ya jiƙe. Wanda ya ke ta toshewa a kai a kai, akwai aikin fiɗa da a ke yi masa a yanke matsattsen wurin a buɗe hanya mai faɗi.

Rigakafinsa ruwa ne. Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta ke, irin wadda har yanzu a ke gamuwa da ita a dazuzzukanmu, dabbar busasshiyar ƙasa wadda ba ta cika jin ƙishirwa ba, don ruwanta a jikin abin da ta kama ya ke. Ɓera kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Busasshen abincin kyanwa kuwa, irin na cikin leda da a ke sayarwa a kantunan birni, ruwansa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Shi ya sa ciwon ya fi kama muzurun da a ke ji da shi: wanda aka kulle a ɗaki, ba farauta, ba guje-guje, ya yi ƙiba, ba ya cin kome sai busasshen abinci. Ragon Layya ke nan aka sake turkewa. 'Ya'yanku da ke birni masu sayen kyanwoyin nan masu dogon gashi, su ya kamata su fara jin wannan magana. Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana bukatar ruwa kamar mililita 200 a yini, watau kofin shayi guda, har da wanda ke cikin abinci. A ajiye ruwa wuri biyu ko uku a inuwa, a riƙa sakewa kullum, balle da bazara da lokacin hunturu. A jiƙa busasshen abinci, ko a haɗa da dafaffen nama ko kifi da romonsa, ba gishiri, ba albasa. Tashin hankali ma ya kan tayar da ciwon, kamar ƙaura zuwa sabon gida, ko baƙon muzuru mai zuwa faɗa, ko taron biki da ya hana shi sakewa.

Sauran abubuwan gaggawa zan bi su da sauri, sai dai biyu da zan ɗan tsaya.

Na farko maganin mutane. Farasitamol, wanda kowa ya fi sani da Panadol, dafi ne ga kyanwa. Hantarta ba ta da abin narkar da shi yadda tamu ta ke da shi, don haka ƙwaya guda ta manya ta isa ta kashe ta. Jininta ya kan kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma kalar ƙasa-ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Akwai makarinsa wurin likita, amma sai an yi hanzari cikin awoyin farko. Abin tausayi, mai ƙaunar dabbar ne ya kan ba ta, don ya ga tana jin zafi. Sauran magungunan ciwon jiki ma kada a ba ta ko rabi.

Haka nan magungunan ƙwari. Fiya-fiya da a ke yayyafawa a ɗaki, da maganin feshin gona, da ruwan wankan shanu, da maganin kaskar kare, duk suna kashe kyanwa, gama ita duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe. Alamarsa dalalar miyau, da makyarkyata, da tangaɗi, har faɗuwa kamar mai farfaɗiya. In a jiki ya zuba, a wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu, mai wankin ya sa leda a hannu, a goge ta, a tafi da ita tare da kwalbar maganin, don likita ya karanta abin da ke ciki. Maganin ɓera iri biyu ne. Wani nan take ya ke aiki. Wani kuwa hana jini daskarewa ya ke yi, ba a ganin kome sai bayan kwana 3 zuwa 5, sa'an nan dasashi ya yi fari, jini ya tsattsafo ta hanci ko cikin bahaya. Saboda haka wanda ya ga kyanwarsa ta ci kada ya ce ai ga ta nan garau. Manja da madara da mu ke ɗurawa ba sa karya kowane ɗaya daga cikin dafin nan, ruwan gishiri kuwa don a sa ta amai shi kansa ya kan kashe.

Kyanwa ba ta haki da baki buɗe kamar kare. In aka ga tana haka, ko tana kwance tana numfashi fiye da sau 40 a minti, a ɗauke ta a hankali a tafi, kada a matse ta. Wadda ƙafafunta na baya suka mutu farat ɗaya, suka yi sanyi, tana ihu, gudan jini ne ya toshe babbar jijiya, ba wanda ya doke ta, kada a kama yaran gida da laifi. Wadda babur ya buge, ko ta faɗo daga soro, ko maciji ya sara, a kai ta ko da ba a ga rauni ba, don ɓarnar ciki ba ta nuna kanta da wuri. Gidan tela da na masu ɗinkin hula su kula da zare: kyanwa ta kan haɗiye shi, wani lokaci har da allura, in kuwa aka ga bakinsa ya leƙo ta baki ko ta baya kada a ja, yanka hanji ya ke yi. Cikin kyanwa kwana 63 ne zuwa 65. In ta yi rabin awa tana yunƙuri mai ƙarfi ɗa bai fito ba, haihuwa ta gardama. Wadda kuma ta yi kwana 2 ba ta ci kome ba, musamman mai ƙiba, kada a jira na uku, hantarta ta kan lalace da yunwa.

Na biyun da zan tsaya a kai ya wuce maganar dabba, ya zama maganar ran mutum, shi ne ciwon haukan kare. Ko da ya ke kare ne ya ke kawo kusan dukan wanda mutane ke kamuwa da shi, kyanwar da mahaukacin kare ya ciza ita ma ta kan ɗauka, ta kuma ba mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta mutanen da ciwon nan ya ke kashewa sun kai 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, yara kuwa suna da yawa a ciki. In halin kyanwa ya sake ba dalili, mai sanyi ta koma kai hari, tana dalala, muryarta ta canja, ta kasa haɗiya, to wannan ba a rungume ta a kai asibiti. A kife ta da kwando ko a rufe mata ɗaki, a kori yara, a aika wa malamin dabbobi. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar a fara masa allura. Ba a jiran alama, gama in alama ta bayyana ga mutum ba sauran magani. Dabbar da ta yi cizo a kan tsare ta kwana 10 ana dubawa, amma tsaron nan ba ya hana a fara allura. Kowane irin wannan cizo ya kamata mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kawo wa Hakimi, Malami ya rubuta ya aika ofishin dabbobi. Ana yi wa kyanwa rigakafinsa tun tana wata 3.

Kakanninku sun yi irin wannan aiki da ya fi wannan girma. Sa'ad da a ke yaƙi da bushiya, Hakimai ne su ke tara shanu a sansanin allura, ana kawo magani daga Vom, inda aka kafa wurin binciken ciwon dabbobi tun 1924, har aka wayi gari a 2011 aka yi shelar ciwon ya ƙare a duniya. Abin da a ke roƙonku yau kaɗan ne ƙwarai in an gwada da wancan.

Malaman Hakimai, ga naku. Malamin dabbobi na ƙaramar hukuma galibi da shanu da tumaki ya saba, ba lalle ne yana da siririyar robar da ta dace da muzuru ba. Don haka in kun koma, ku same shi tun babu abin da ya faru, ku tambaye shi ina ne mafi kusa da a ke duba ƙananan dabbobi, wa a ke kira da dare, wa a ke kira ran Asabar da Lahadi. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwan jihohi, akwai kuma asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ku rubuta lambar wayar da manyan baƙaƙe ku manna a bangon ofis, ku ba kowane dagaci kwafi. In mutum ya zo da dabbarsa, ku taimake shi da 'yar takarda wadda zai miƙa wa likita: namiji ne ko mace, yaushe aka ga fitsarinsa na ƙarshe, yaushe ya ci, ya yi amai ko bai yi ba, me aka riga aka ba shi. Na ƙarshen nan mutane su kan ɓoye don kunya, sai ku lallashe su su faɗa, gama da shi likita zai san inda zai fara.

Wajen ɗauka kuma, kada a sa ta cikin buhu a ɗaure baki, yadda aka saba in za a kai ta wani gari. A lulluɓe ta da tsohon zane, a naɗe ƙafafun a ciki don kada ta yi yakushi, a sa ta cikin kwali da aka huda ko kwando mai murfi. In jikinta ya yi sanyi a ƙara mata wani zanen. In a babur za a tafi, mutum biyu su hau, na baya ya riƙe kwalin a cinyarsa, kada a ɗaure shi a kariya cikin rana.

An buga takardu masu hoton yadda muzurun ya ke tsugunawa, suna nan wurin masinja a bakin ƙofa, kowace gunduma 20. Wanda ya ke da tambaya ina nan har bayan azahar.